Ido, Haske da Fim: Darasi Kan Hoton Fuska

Ido da kyamara aikinsu ɗaya ne, wato tattara haske. Sai dai ido yakan daidaita kansa, fim kuwa ba ya iyawa, domin ƙwayoyin gishirin azurfa da ke jikinsa hasken da ya same su kaɗai suke riƙewa. Shi ya sa idan aka ɗauki mai farar riga da tsakar rana, fuskarsa takan yi duhu, saboda farin ya ruɗi ma'aunin haske. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya tsayar da mutumin a bakin zaure, inda haske ke zuwa ta gefe. Sannan ya buɗe ƙofar gilashin daga f/8 zuwa f/5.6, abin da ke ninka hasken, ya kuma saita gilashin a kan idanu.