Kogo, Kwarmi da Kafa: Sunayen Guraben Cikin Jiki a Hausa da Darasi daga Harshen Finlan

Ɗalibin Makarantar Fasahar Kiwon Lafiya ta Kankiya yana koyon ƙirar jiki da Ingilishi, amma majinyacin da zai zo masa daga ƙauyukan Kusada da Hausa zai yi bayani, kuma galibi da kalma guda: ciki. Wannan kalma tana nufin tumbi, tana nufin juna biyu, tana kuma nufin dukkan sararin da ke ɗauke da hanji da hanta da saifa. Idan mace ta ce cikinta ke ciwo, sai an ƙara tambaya kafin a san ko mara take nufi. Kuskure a nan yana iya kai magani inda ba a bukatarsa.

Masu harshen Finlan sun fuskanci irin wannan giɓi. A 1881 wasu ɗaliban likitanci suka kafa ƙungiyar Duodecim domin raya kalmomin likitanci a harshensu. A yau kalma ɗaya, ontelo, wato kogo, ita ce tushen sunayen: vatsa ciki ne, vatsaontelo kogon ciki; rinta ƙirji, rintaontelo kogon ƙirji; poski kunci, poskiontelo kogon da ke cikin ƙashin kunci. Ɗakin sama na zuciya kuwa eteinen suke kiransa, sunan ɗakin da ake fara shiga a gida. Bahaushe yana da daidai wannan, wato zaure.

Hausa ba ta rasa kayan aiki ba, rashin tsari ne matsalar. Kogo rufaffen sarari ne, kamar na kuka, don haka ya dace da ƙirji da ciki. Kwarmi a buɗe yake ta fuska ɗaya, shi ya sa ake cewa kwarmin ido. Kafa kuwa hanya ce mai wucewa, kamar kafar hanci. Ƙoƙon kai ƙashin yake nufi, saboda haka mazaunin ƙwaƙwalwa sai a ce kogon ƙoƙon kai.

Wannan maƙala tana ganin bai kamata a tara komai ƙarƙashin kogo ba, domin bambancin nan uku yana bakin manomi da ungozoma tun kafin a rubuta shi. Abin da ya rage shi ne a gwada "kogon ciki" a ɗakin duba marasa lafiya, a ga ko majinyaci zai raba shi da tumbi.