Kasuwa Ko Gwamnati: Yadda Mazhabobin Tattalin Arziki Suka Gaji Juna

Duk lokacin da aka ƙara kuɗin man fetur, ko darajar Naira ta faɗi, sai muhawara ta kaure. Wasu su ce gwamnati ta tsame hannunta ta bar kasuwa ta yi halinta, wasu kuma su ce barin talaka a hannun kasuwa zalunci ne. Wannan gardama ta girmi Nijeriya, domin masana sun shafe fiye da shekaru 200 suna yin ta, kuma kowane zamani da mazhabar da ta yi rinjaye a cikinsa. Darasinmu na wannan fitowa zai bi su ɗaya bayan ɗaya, domin mai karatu ya ga cutar da kowacce ta zo magancewa, da kuma inda ta gaza.

Zamanin Adam Smith

A ƙarni na 18 sarakunan Turai sun ɗauka cewa arzikin ƙasa shi ne yawan zinariyar da ke baitulmalinta. Saboda haka suka riƙa ɗora haraji mai nauyi kan kayan waje, suna kuma bai wa wasu kamfanoni 'yan gata ikon cin kasuwa su kaɗai. A shekarar 1776 wani malami ɗan ƙasar Sikotland, Adam Smith, ya wallafa littafinsa kan arzikin al'ummomi, inda ya nuna cewa arziki yana ga abin da jama'a ke iya samarwa. Ya kawo misalin masana'antar fil, wadda mutum 10 suka raba aiki a tsakaninsu har suna yin fil 48,000 a rana. A ganinsa, matuƙar akwai gasa, neman riba shi kansa zai tilasta wa ɗan kasuwa ya kyautata kayansa, ya kuma sassauta farashi. Duk da haka ya bar wa gwamnati tsaron ƙasa da shari'a da manyan ayyuka irin su hanyoyi da gadoji.

Magadansa sun tafi a kan cewa kasuwa tana gyara kanta, kuma rashin aiki abu ne mai wucewa: idan lada ya sauka, masu masana'antu za su sake ɗaukar ma'aikata.

Zamanin Keynes

Wannan fahimta ta gamu da jarrabawa a watan Oktoba na 1929, lokacin da kasuwar hannun jari ta birnin Niyok ta karye. Zuwa 1933 kimanin kashi 25 cikin 100 na ma'aikatan Amurka ba su da aiki. Lada ya sauka, amma aiki bai dawo ba.

John Maynard Keynes na Ingila ya ba da bayani a littafinsa na 1936. Abin da wani ya kashe shi ne kuɗin shigar wani. Idan tsoro ya sa kowa ya ƙulle aljihunsa, ciniki zai ragu, masana'antu su sallami ma'aikata, waɗanda aka sallama kuma su daina saye, abin ya yi ta zagayawa. A irin wannan hali, in ji shi, wajibi ne gwamnati ta kashe kuɗi, ko da bashi za ta ci, har harkoki su farfaɗo. Keynes ne ya jagoranci wakilan Birtaniya a taron 1944 wanda ya haifar da Bankin Duniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya.

A wannan zamani ne ƙasashen Afirka suka sami 'yancin kai, kuma masana irin su Raul Prebisch na Ajantina suna gargaɗin cewa ƙasar da ta dogara ga sayar da ɗanyen kaya tana sayen ƙerarru za ta daɗe a baya. Nijeriya ta bi wannan hanya. Ta tsara shirin raya ƙasa na farko daga 1962 zuwa 1968, ta gina madatsar ruwa ta Kainji, ta kafa dokokin mayar da kamfanoni hannun 'yan ƙasa a 1972 da 1977. Hukumomin sayen amfanin gona su ke yanke farashin gyaɗa da auduga da koko. Rarar da suka tara ta gina makarantu da hanyoyi, amma fa daga gumin manomi ta fito, domin ana biyansa ƙasa da farashin kasuwar duniya. Da kuɗin mai ya shigo, kamfanonin gwamnati suka yawaita, da dama kuma suka zama rami mai cinye dukiya. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta shaida ne.

Zamanin Friedman

Bayan tashin farashin mai na 1973, ƙasashen Yamma suka faɗa cikin hauhawar farashi da rashin aiki a lokaci guda. Maganin Keynes bai yi tanadin wannan ba, domin ƙara kashe kuɗi sai ya ƙara wa farashi wuta. Nan tauraron Milton Friedman na Jami'ar Shikago ya haska. Shi ya dage cewa tushen hauhawar farashi shi ne kuɗi su fi kaya yawa, don haka babban banki ya taƙaita su, gwamnati kuma ta ja da baya. Margaret Thatcher daga 1979 da Ronald Reagan daga 1981 suka rungumi wannan ra'ayi. Babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa zuwa kusan kashi 20 cikin 100, hauhawar farashi ta sauko daga kimanin kashi 13 a 1980 zuwa kimanin kashi 3 a 1983.

Sai dai wannan kuɗin ruwa ya danne ƙasashe masu bashi, ga kuma farashin mai ya faɗi. Gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982. A 1986 gwamnatin Janar Ibrahim Babangida, bayan ta ƙi karɓar rancen Asusun Ba da Lamuni, ta ƙaddamar da shirin gyaran tattalin arziki da aka fi sani da SAP. Aka soke lasisin shigo da kaya, aka rushe hukumomin sayen amfanin gona, aka fara gwanjon kuɗin waje a watan Satumba. Naira da ke kafaɗa da kafaɗa da Dala a 1985 ta koma wajen 4 a kan Dala ɗaya, zuwa 1993 kuma wajen 22. Manoman koko sun ga canji a aljihunsu, cuwa-cuwar lasisi ta mutu. Amma albashin ma'aikata ya zama ba ya kai su ko'ina, masana'antun da ke sayo kayan gyara daga waje suka durƙushe, har tarzoma ta ɓarke a watan Mayu na 1989. A shekarar ce Farfesa Adebayo Adedeji, shugaban Hukumar Tattalin Arzikin Afirka ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ya gabatar da wani tsari na daban wanda ya sa ilimi da lafiya da noma a gaba.

Abin lura

In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Da bankunan Amurka suka girgiza a 2008, gwamnatocin da suka yi shekaru suna wa'azin kasuwa su ne suka zuba kuɗin jama'a don ceto, wato suka koma ga Keynes. A gida kuma, buɗe harkar wayar tarho ga 'yan kasuwa a 2001 ya kai wayar salula har ƙauyuka, alhali sayar da kamfanonin wutar lantarki a 2013 bai kawo irin wannan sauƙi ba. A harkar waya akwai gasa, mai saye yana iya sauya layi. A harkar wuta kuwa kamfani ɗaya ne ke raba ta a kowane yanki. Sharaɗin da Smith ya gindaya tun 1776 shi ne ya bambanta su.

Saboda haka, kafin mai karatu ya yanke hukunci kan matakai irin na janye tallafin mai da sakin Naira a 2023, ya kamata ya auna su da tambayoyi uku. Wace cuta ce ke damun ƙasar: ƙarancin ciniki, ko yawan kuɗi, ko ƙarancin abin da ake samarwa? Shin akwai gasa da doka da za su sa kasuwa ta yi adalci, ko ma'aikata masu amana da za su sa gwamnati ta yi aiki? Sa'an nan wa zai ɗauki nauyin gyaran, kuma me aka tanadar masa kafin amfanin ya iso? Smith da Keynes da Friedman kowannensu ya amsa tambayar zamaninsa ne, kuma maganin zazzaɓi ba ya ɗaure karaya.