Daga filin jirgin Dubai zuwa cikin gari: metro, tasi ko motar haya?

Biza ta fito, tikiti yana hannu, an ɗaure kaya. Saura abu ɗaya da yawancin matafiya ba sa tunawa da shi sai sun tsaya a ƙofar fita riƙe da akwati: da me za a shiga gari? 'Yar'uwa, ki yanke wannan shawarar tun kina gida. Abu uku ne za su yanke miki ita: yawan kayanki, lokacin da jirginki zai sauka, da unguwar da za ki kwana. In Deira kika nufa don sayayya, kamar yawancin 'yan kasuwarmu, ki cire motar haya daga lissafin ranar farko.

1. Gobe da safe ki buɗe tikitinki ki ga inda za ki sauka. In an rubuta DXB, babban filin ne, yana manne da Deira, tafiyar minti goma zuwa sha biyar in hanya a sake take. In DWC ne, filin Al Maktoum ke nan, can kudu wajen Jebel Ali, da nisa sosai. SHJ kuwa Sharja ce, wata masarautar daban, kuma tasi da ya tsallaka tsakaninta da Dubai yana ƙara dirhami 20 a kan mita.

2. Sai ki duba lambar tasha. DXB tana da uku. Emirates a Tasha ta 3 yake sauka. Yawancin sauran jiragen ƙasashen waje, irin su Ethiopian da EgyptAir da mutanen Kano suka saba hawa, Tasha ta 1 ce tasu. Dukansu biyun akwai metro a jikinsu. Tasha ta 2, inda flydubai ya fi sauka, tana ɗaya ɓangaren filin, kuma babu metro a ƙofarta. In can ce taki, tasi za ki hau, an gama magana.

3. Ki ajiye adireshin masaukinki a waya, ki kuma rubuta shi a takarda. Ki nemi otal ɗin su turo miki lambar Makani, lamba ce mai alƙaluma 10 da kowane gini yake da ita a Dubai. Ƙananan otal-otal na Deira sunayensu suna kama da juna, ga lunguna a cuɗe. Kuma ki sani, kiran murya na WhatsApp ba ya tafiya a ƙasar. Ki shirya da wanda zai tarbe ki a kan rubutaccen saƙo, akwai intanet kyauta a cikin filin jirgin.

4. Akwati ɗaya da jakar hannu, kuma da rana kika sauka? Metro ya ishe ki. Tun 2009 yake aiki, ba shi da direba, akwai sanyi, kuma cunkoson titi bai shafe shi ba. Ki bi alamarsa daga zauren masu isowa. A tashar ki sayi katin Nol mai launin azurfa, dirhami 25, da dirhami 19 na hawa a cikinsa. Kowace tafiya tana cin dirhami 3 zuwa 7.5 gwargwadon nisa. Katin nan zai yi miki aiki a bas ma, don haka ya fi jan tikitin takarda in za ki yi kwanaki.

Ki taɓa katin a ƙofa lokacin shiga, ki sake taɓawa lokacin fita. Kowane mutum da nasa katin, ba a haɗawa.

5. Hanyar ba wuya. Jan Layi ne ya ratsa filin jirgin. Ki hau wanda ya nufi cikin gari, ɓangaren Expo 2020; wanda aka rubuta wa Centrepoint baya zai kai ki. Za ki wuce City Centre Deira da Al Rigga, sai Union. In masaukinki yana wajen kasuwar Naif ko kasuwar gwal, ki sauka a Union ki koma Koren Layi mai zuwa Creek: tasha ta farko Baniyas Square, sai Gold Souq, sai Al Ras. In Burj Khalifa ko Dubai Mall kika nufa, ki yi zamanki a Jan Layi har tashar da ke ɗauke da sunansu.

6. Metro yana da dokokinsa, kuma ana cin tara da gaske. Kaya biyu aka yarda da su, babba ɗaya, ƙarami ɗaya. Ba a ci, ba a sha, ba a tauna cingam a ciki. Akwai ɓangaren mata da yara, ki shige can ki huta da turereniya. In da maigida kuke tafe, ki gaya masa ya tsaya a nasu, don tarar dirhami 100 ce. Taragon masu katin zinare ma kada ki shiga da katin azurfa.

Ki kula da lokaci kuma. Yana farawa ƙarfe 5 na asuba ya tsaya 12 na dare, ranar Juma'a ya kai ƙarfe 1. Ranar Lahadi sai ƙarfe 8 na safe yake buɗewa. Jiragen da ke tasowa daga ɓangarenmu sau da yawa da tsakar dare ko gab da asuba suke isa, don haka ki gwada lokacin saukarki da wannan.

7. Kaya da yawa, ko yara, ko tsohuwa a tare da ke, ko dare ya yi? Tasi. Ki bi alama har layin tasi na hukuma da ke wajen ƙofa, akwai ma'aikata masu tsara layi. Motocin launin madara ne, rufinsu kala-kala. Daga filin jirgi mita takan fara da dirhami 25, sannan a ɗora kuɗin nisa da na kowace ƙofar karɓar kuɗin hanya ta Salik da aka ratsa. Masu rufi ruwan hoda mata ne ke tuƙa su, an tanade su don mata da iyali. Ki nema, haƙƙinki ne.

A layin nan za ki ga baƙaƙen motoci na alfarma, wani lokaci a nuna miki su. Halastattu ne, amma sun fi tsada. Ki ce tasi mai mita kike so. Wanda kuma ya tare ki a cikin zaure yana raɗa miki cewa yana da mota, ko da Hausa ya yi miki magana, ki yi masa godiya ki wuce. Ɗaukar fasinja ba lasisi laifi ne a can, kuma in wani abu ya faru ba ki da inda za ki kai ƙara.

Ki karɓi rasit kafin ki sauka. Da shi ake gano motar in kin manta waya ko jaka. In kin fi son manhaja, Careem da Uber duk suna aiki, kuma a cikin Careem akwai Hala mai kiran tasi na gari.

8. Yanzu motar haya. Tana da amfani ga wanda zai yi ta zirga-zirga tsakanin Dubai, Sharja, Ajman da Abu Dhabi, ko iyali mai yawa da suka zo hutu. Ga mai yini a kasuwannin Naif da Murshid Bazar kuwa, ɗawainiya ce kawai. Wurin fakin a Deira wuya yake yi, kuma na kuɗi ne in ban da Lahadi. Kasuwannin da ƙafa ake cin su, kaya kuma kamfanin kago ake kai wa. Ko tsallaka ruwa zuwa Bur Dubai, kwale-kwalen abra yana yi a dirhami 1.

In dai kina buƙatarta, ki bari sai kin yi barci kin ga yadda titunan suke. A dama ake tuƙi kamar gida, amma manyan hanyoyin layi biyar ne, shida, har bakwai, ga gudu, kuma in kin wuce mafita ɗaya sai kin yi dogon zagaye. Ban yarda mutum ya kwana a jirgi ya faɗa titin Sheikh Zayed da idon barci ba.

9. Takardun mota daga gida ake haɗa su: fasfo mai biza, lasisin tuƙinki na ƙasa wanda ya kai shekara, da lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa. Wannan na ƙarshen ba a Dubai za ki yi shi ba. Yawancin kamfanoni suna son direba ya kai shekara 21. Suna kuma riƙe kuɗin ajiya a katin banki, sun fi son katin kiredit mai sunan direban. Ki tura musu saƙo tun yanzu ki tambaya ko za su karɓi katin da kike da shi, kuma nawa za su riƙe. Kuɗin nan ba ya dawowa ranar da kika maida mota. Sukan riƙe shi makonni har su tabbatar babu tara. Kada ki sa kuɗin sayen kayanki a ciki.

10. A filin jirgi za ki karɓa ko a gari? Manyan kamfanoni irin su Hertz, Avis da Europcar suna da kanta a zauren isowa, suna aiki har dare, farashinsu yakan ɗan hau. Ƙananan ofisoshin cikin gari sun fi araha, wasu ma su kawo miki motar otal. In sunan da kika gani a intanet ya ce "filin jirgi", ki tabbatar ko kantarsu tana cikin tashar ko sai an ɗauke ki zuwa waje. Kuma ko wane ne, kada ki bar masa fasfonki jingina. Ya ɗauki hotonsa ya miƙo miki abinki.

11. Kafin ki tada mota, ki zagaye ta da bidiyo: jiki, tayoyi, gilasai, kujeru, allurar mai da lambar kilomita. Duk ƙujewa ki sa a rubuta. Ki tambaya kilomita nawa aka ba ki a rana, da kuma nawa za ki biya daga aljihu in aka yi hatsari duk da inshora.

Salik ba shi da shinge, kina wucewa ake cira, dirhami 4 ko 6 gwargwadon lokaci, kamfani kuma yakan ɗora ladansa. Kyamarorin gudu suna ko'ina. A Abu Dhabi babu rangwame ko kaɗan tun 2018, abin da allo ya nuna shi ne iyaka. In an goge ki, ko ƙanƙani ne, sai kin samu rahoton 'yan sanda, ta manhajarsu ko ta kiran 999 in an ji rauni. In babu rahoton nan, gyaran a wuyanki yake.

12. Ranar komawa ki isa filin jirgi awa uku kafin tashi. In da mota ce, ki ƙara awa ɗaya don shan mai da duba jiki, ki karɓi takardar da ke nuna kin maida ita lafiya. Da yamma ma'aikata suna kwarara zuwa Sharja, hanyoyin Deira da na filin jirgi sukan cushe, sai ki fita da wuri. In kaya sun ƙaru sun wuce biyu, metro ba zai ɗauke ki ba. Ki sa otal su kira miki babbar tasi tun ana gobe tafiya.