Ambaliya ta wuce, gudawa ta shigo unguwa

Gwaggo, tun da ruwan sama ya cika masai ya malala cikin rijiyoyin unguwarmu, yara ke ta gudawa. Jaririna yana da mako bakwai. A asibiti an ce in kawo shi a ɗiga masa rigakafin rota, amma uwar mijina ta ce ɗan maƙwabciyarmu an yi masa, ga shi yana zawo, don haka wahalar banza ce. Ba na son yi mata musu, kuma ina tsoro. Yaya zan yi?

Uwar jariri, Tudun Gwandara, Lafiya

Ƴata, Allah ya raya mana shi. Ki kai shi a wannan makon.

Abin da Hajiya, uwar mijinki, ta gani gaskiya ne, sai dai gudawa iri-iri ce. Ta bayan ambaliya, irin wadda ake fargaba duk lokacin da kogin Binuwai ya cika ya shiga garuruwan Awe da Doma kamar a 2022, yawanci daga gurɓataccen ruwa take, har da kwalara. Rigakafin rota ba ya tare waɗannan. Aikinsa shi ne tare ƙwayar rota, wadda ke kan gaba wajen kwantar da jarirai da zawo mai tsanani, tana kuma bin hannu zuwa baki ko a gida mai tsabta. Tun watan Agusta 2022 Najeriya ta sa shi cikin rigakafin yara na yau da kullum: ɗigo ne a baki, kyauta, a mako 6, 10 da 14.

Sauran kariyar tana hannunki. Nono zalla har wata shida, ko ruwa kada a ba shi. Ku tafasa ruwan sha, ku wanke hannu da sabulu bayan bayan-gida da wanke masa kashi.

In zawo ya zo, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Ki ci gaba da shayarwa, ki ba shi ORS da zinc yadda ma'aikatan lafiya suka nuna miki. Ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, ya ƙi nono ko kin ga jini a kashi? Ki garzaya asibiti mafi kusa, ko da tsakar dare ne.

Hajiya kuwa, ki sa maigida ya roƙe ta ta raka ki ranar rigakafi, ta ji bayani da kunnenta. Jikanta ne, lafiyarsa take nema kamar ke.

Gwaggo