Ilmin Mata Mai Zurfi a Ƙasar Gwandu da Argungu

Har yanzu akan sami masu cewa wai zurfafa karatun 'ya mace baƙon abu ne wanda Turawa suka zo da shi. Wanda ya san tarihin Gwandu ba zai faɗi haka ba.

Tun Shehu Usmanu yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malamin Barno, Mustafa Goni, ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa. Wanda ya mayar da jawabi shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu. Hujjarsa kuwa ita ce barin mata cikin jahilci, ba su san farillan addininsu ba, ya fi fitarsu neman sani muni. A wannan gida Nana Asma'u ta tashi, ta yi rubutu da Larabci da Fillanci da Hausa, ta kuma kafa 'Yan Taru. Takan naɗa wa jaji malfa da jan rawani, ta sallame ta zuwa ƙauyuka ta karantar da mata. Wannan naɗi, in an duba, ai shaidar ƙwarewa ce irin ta wancan zamani. Ta rasu a 1864.

To, me ya kawo jinkiri daga baya? Da aka buɗe makarantun 'yan mata na En'e a Birnin Kebbi da Argungu cikin shekarun 1930, iyaye sun yi ɗari-ɗari, kuma ba a ga laifinsu ƙwarai ba, tun da makaranta ce ta wanda ya ci ƙasa da yaƙi. Ga shi kuma abin da ake koyarwa bai wuce karatu da rubutu da ɗinki da tsabtar gida ba. Yarinya ba ta kaiwa ko'ina ake cire ta a yi mata aure.

Saboda haka ko da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, da ta Sakkwato a 1975, matan wannan yanki da suka cika sharaɗin shiga ba su da yawa. Kwalejin horon malamai mata ce ta zama gadar da da yawansu suka bi. Birnin Kebbi kanta ba ta sami jami'ar tarayya ba sai 2013.