Tsakanin Shayin Rama da Sha-ka-fashe

A hutun da ya wuce na sauka gidan gwaggona a G.R.A. ta Katsina, na tarar 'yarta ta ƙaurace wa tuwo. Da safe shayin rage ƙiba take sha, da rana kokwamba, da dare kuwa ta ce ta ƙoshi. Wai ƙawayenta ne suka ce ta yi jiki a wani hoto da ta sa a Instagram. Ran da muka shiga gari gaisuwa, jiri ya ɗebe ta a wajen Ƙofar Soro, sai da muka zaunar da ita.

Abin mamaki, a ɗakin kwananmu na makaranta akasin haka na saba gani. Akwai masu ɓoye ƙwayoyin sha-ka-fashe a ƙasan akwati, don an ce musu sun cika rama, zane ba ya yi musu kyau. To, 'yan'uwana ɗalibai, ni a ganina ciwon ɗaya ne. Da mai gudun tuwo da mai haɗiyar ƙwaya, kowacce bakin mutane take saurare, ta bar sauraren cikinta.

Da yawa daga irin shayin nan filasko ake sa musu, wato maganin wankin ciki. Abin da ke fita ruwa ne, kitse yana nan inda yake. Wadda ta horar da kanta da yunwa kuma, jikinta yakan rage kashe ƙarfi, sa'an nan ran da yunwar ta ci ƙarfinta ta ci fiye da kima, ƙibar ta dawo, ta shiga zargin kanta. Sha-ka-fashe kuwa sau da yawa dexamethasone ne, maganin da likita kan rubuta wa mai asma ko kumburi. Mai shansa barkatai fuskarta takan kumbura, sukarin jininta ya hau, hawan jini ya biyo baya, ƙashi ya yi rauni.

Mu 'yan mata masu tasowa muna bukatar sinadarin ƙarfe ƙwarai saboda jinin al'ada, rashinsa kuwa shi ke kawo jiri da kasala a aji. Ana samunsa a hanta, da wake, da gero, da zogale. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya ci ganye da 'ya'yan itace kamar giram 400 a rana, gishiri kada ya kai giram 5. Ba ta ce a bar tuwo ba. Tuwon dawa da miyar kuka, da fura da nono, da kwaɗon rama duk suna da gurbinsu. A ci lokacin da aka ji yunwa, a gauraya, a tsame hannu in an ƙoshi.

Iyayenmu, don Allah a rage tsokanar nan ta "kin zama buhu" ko "ke kamar tsinke". Ku wasa kuke yi, amma yarinya da ita take kwana.

Ana gobe zan koma makaranta Gwaggo ta yi dambu da zogale, ta zuba mana a tire ɗaya, ta hana kowa zancen ƙiba. 'Yar'uwata ta daɗe tana juya cokali kafin ta kai loma ta farko. Kwalin shayin dai har na taho yana kan firji.