Darasi: Yadda Za Ku Amfana da Rarar Zakaru a Gida

Iyaye mata da magidanta, idan kaza ta kwanta kwana 21 ta ƙyanƙyashe, kusan rabin ƴan tsakin maza ne. Bayan wata biyar ko shida sai gida ya cika da cara, alhali zakara ɗaya ya ishi kaji goma. Ku sani kuma kaza tana yin ƙwai ko babu zakara. Ana bukatarsa ne kawai don ƙwan da za a ƙyanƙyashe.

Idan zakaru suka yi yawa, sukan ji wa juna rauni wajen faɗa, su matsa wa kaji da barbara har gashin bayansu ya zube, ƙwai ya ragu. Ga kuma dusa da hatsin da suke cinyewa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma tamowa ta fi kama yara.

Ga abin da ya kamata ku yi:

1. Ku zaɓi zakara mai girma da kuzari, mai jan toro, ku bar shi don iri. Kowace shekara ku musanya shi da na wani gida, don kada ya riƙa barbarar ƴaƴansa, iri ya raunana.

2. Sauran ku ware su a akurki mai inuwa da ruwa mai tsabta, nesa da inda yaro ke rarrafe, domin kashin kaji yana kawo zawo.

3. Ku nemi malamin dabbobi ya yi wa kajinku duka rigakafi kafin ɗari ya shigo, lokacin da annoba ta fi kashe su.

4. Kada ku jira baƙo ko Salla kafin ku yanka. Ku dafa naman da hantar sosai, ku daka su yi laushi, ku ba yaro ɗan wata 6 zuwa 23 tare da nonon uwa. Hanta tana ƙara jini, tana kare lafiyar ido. Mai ciki da mai shayarwa su ma a ba su rabonsu.

5. Wanda za ku sayar, ku kai shi kasuwa gab da Salla, farashi ya fi kyau. Kuɗin ku sayi wake, ƙuli-ƙuli da sabulu.

Kazar da ciwo ya kama kada a yanka ta don ci, wadda ta mutu kuwa a binne ta.

Yau ku ƙidaya kajinku: zakaru nawa, kaji nawa? Abin da ya yi rara, haƙƙin yaranku ne.